Baba Celestine Mai Majigi da Kaset ɗin da Ruwa Ya Ci

Kowace safiya, kafin ya taɓa kununsa, Baba Celestine Kambai yakan goge idon majigi, ya ɗaure shi a bayan babur, ya fita daga Kafanchan zuwa ƙauye. Shekara ashirin da biyu yana nuna wa manoma fim ɗin rigakafi da na takin zamani.

A 1988, gari bai gama hucewa daga rikicin addini ba, wani Fada, limamin coci, da zai koma ƙasarsu ya bar masa gajeren fim a kan mutanen Kajun na Amurka. An kori kakanninsu daga ƙasarsu Akadiya, suka yi zaman fadama a baƙon wuri, aka riƙa dukan 'ya'yansu a makaranta in sun yi yarensu. Duk da haka ba su yar da waƙoƙinsu ba.

Ya nuna shi a wani aji kusa da Gidan Waya, yana fassarawa. Ina wurin. Da aka gama, wata tsohuwa, Mama Yemima, ta ce, "Su an ɗauki nasu. Mu fa, ɗana? Jikana ko gaisuwa bai iya da yarenmu ba."

Baba ya sayar da gonarsa ta citta, ya sayi kyamara. Ya bi tsofaffi har gida yana ɗaukar waƙar niƙa, ta farauta, ta makoki. Da ya shiga gidan Alhaji Ƙasimu mahauci don ɗaukar kirarin pawa, Kiristoci 'yan'uwansa suka ce ya sayar da su, Musulmi kuma suka ce ɗan leƙen asiri ne. Bai fasa ba.

Bara da ya yi ritaya, ya miƙa wa ofishin da ya yi wa aikin majigi kaset ɗin amana. Suka jibge su a ɗakin da ke yoyo. Damina ɗaya ta ci fiye da rabi, har da muryar Mama Yemima, wadda ta riga mu gidan gaskiya. Da ya yi magana, wani babba ya ce, "Baba, waƙar tsofaffi ce fa kawai."

Kawai? Wanda ya faɗi haka bai san sunan kakan kakansa ba, kuma yanzu ba mai gaya masa.

Kai ne ka ji kukan tsohuwa ka tashi, Baba. Kunyar tasu ce, ba taka ba. Mun gode, Allah ya ƙara maka kwana.

Ku kuma masu karatu, in akwai tsoho a gidanku, ku ari rikoda ku zauna gabansa wannan makon. Kada ku ba ofis ajiya.