Ciyawar Bayan Ɗakin Yaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda unguwa ta sani da Mai Furanni, bayan jinyar kusan shekara guda. Ana sauke mini siminti aka kira ni. Na bar motar a buɗe na tafi.

Yaya, ni ba marubuci ba ne. Da ƙyar na gama sakandare, na kama baro da shebur, kuma da su Allah Ya ba ni gidan bulo da tifa huɗu. Ban taɓa jin nauyin faɗin wannan ba. Abin da ya gagare ni faɗa kana raye shi zan rubuta yau.

Na raina sana'arka. Sau nawa na ce maka, "Mutum da gemunsa ya zauna yana zana ciyawa!" Sai ka yi dariya ka ce, "Injiniya, ku gina, mu ƙawata." Kai kaɗai kake ce mini Injiniya, alhali ka san ko ƙofar jami'a ban taka ba.

Ina ganin ɗakin aikinka har yanzu: taga ɗaya, gwangwanayen madara cike da burushi, warin fenti, da kofin shayin nan mai tsagaggen baki da ka hana matarka, Anti, ta jefar. Ka zana shi shi kaɗai, ka zana shi da albasa biyu, ka zana shi da makullin gida. Lokacin da kyanwar 'yata Auta ta mutu, yarinyar ta ƙi abinci kwana biyu. Ni na ce a samo mata wata. Kai ka zauna da ita kana tambayarta, wane kunne ne ya yage, yaya take naɗe wutsiya in za ta kwanta. Bayan mako ka kawo zanen. Auta ta yi aure yanzu, kuma yana falonta.

Ba ka taɓa tsinke fure don ka zana shi ba. Kakan ce wanda aka tsinka ya riga ya fara mutuwa. Sai dai ka ɗauki 'yar kujerarka ka je inda yake, ko bakin kwata ne.

Na san wannan, amma duk da haka na yi abin da na yi. Bara da damina, kana kwance a asibiti, na leƙa gidanka na tarar ciyawa ta kai gwiwa a bayan ɗakin. Na tuna maciji, kuma gaskiya na tuna abin da mutane za su ce: ga ƙaninsa da tifofi, shi yana zaune a daji. Ban tambayi kowa ba. Na turo leburori uku, kafin azahar wurin ya zama fes.

Ranar da aka sallamo ka, kana dafa bango ka wuce can kai tsaye. Ka daɗe a tsaye. Sannan ka ce, "Injiniya, aikinka ne? Sannu da ƙoƙari." Daga baya Anti ta gaya mini cewa shekara bakwai kana tono furannin daji daga bakin hanyoyi kana dasawa a wurin, kuma kana jiran wasu masu ruwan shuɗi su buɗe ka ƙarasa wani zane.

Na kawo magani, na kawo lemo, na ba da mota da direba. Kalma ɗaya ce ban kawo ba. Duk zuwan da na yi da niyyarta nake zuwa, in zauna in yi maganar tsadar siminti in tashi. Har aka kai ka makwancinka ban san ko ka riƙe ni a zuciya ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Bayan kwana uku Anti ta miƙo mini wani abu a naɗe cikin ƙyalle, ta ce shi ne na ƙarshe da ka zana. Fartanya ce da wani lebura ya manta, jingine da bango, da ƙasa a bakinta, da ɗan fure shuɗi maƙale a jiki. A baya ka rubuta: "Na Injiniya. Ka ce wa mai fartanya ya zo ya ɗauki abarsa. Kuma ka daina damuwa, saiwar tana ƙasa."

Ka yafe mini, Yaya. Na faɗa, ko da na makara.

Jiya na je gidan. An yi ruwa sau biyu, kuma furannin sun fara tsirowa. Na gaya wa kowa, duk wanda ya taɓa wurin nan da ni yake. Zanen kuwa yana ofishina, inda hoton tifata ta farko yake a da.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi, Ya saukar da kai a lambunan Aljanna. Anti, da 'ya'yanmu, da duk wanda yake da zanenka a bango, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.