Rakodar Iya a Shagon Sai-Jibi

Yayana mai gyaran rediyo ne, kuma duk layinsu babu mai hannu kamar nasa. Yanzu in ka kai masa kaya da safe, kafin la'asar ya aiko ka zo ka ɗauka. Mutane suna ta yabo, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da sata. Ni na san dalili.

Da can Sai-Jibi ake kiransa, kuma wallahi sunan ya ma yi masa adalci. Shagonsa cike yake da rediyoyi da fankoki da tociloli tun daga ƙasa har rufi, ƙura ta mai da su duk launi ɗaya. Duk sabuwar shekara sai ya share bakin ƙofa, ya rataye sabuwar kalanda, ya tara mu ya rantse cewa bana babu kayan da zai kwana a hannunsa. Mu yi shewa, matarsa ta taɓe baki. Kafin shafin farko na kalandar ya ƙare, Yaya ya koma bencin mai shayi yana gyara duniya da baki. In ka yi masa magana a tsakiyar shekara sai ya ce wannan ai ta riga ta ɓaci, bari sabuwa ta shigo.

Ni na kai masa Iya, wata tsohuwa maƙwabciyata. Tana da tsohuwar rakoda wadda kaset ya maƙale a ciki, kuma a kaset ɗin akwai muryar marigayi mijinta, saƙon da ya aiko mata sa'ad da yake aiki a nesa. Ko hotonsa ba ta da shi, muryar nan ce kaɗai ta rage mata. Ta gaya wa Yaya kunnenta ya fara nauyi, tana so ta ƙara jin Malam tun tana iyawa. Yaya ya dafa ƙirji ya ce jibi.

Iya ta yi ta sintiri da sandarta. Yau babu wuta, gobe ana jiran wata roba, gata ya fita. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, sai ta sa masa albarka ta juya. Ni kam na yi masifa har na gaji, na koma canza hanya in na hango ta, don kunya. Kalanda ta sauka, wata ta hau, rakoda tana nan a saman kanta an ɗora mata fanka.

Wata Talata, a tsakiyar shekara, ina shagon sai ga 'yar Iya. Ba ta zauna ba. Ta ce a ba ta rakodar haka nan, ba sai an gyara ba.

"Haba, ki ba ni zuwa jibi," in ji Yaya.

"Bar shi kawai, Malam. Kunnen ya tafi."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya haka ba. Ya sauko da rakodar, ya hure ƙurar, ya kwance bayanta. Wata 'yar roba ce ta tsinke, kuma irinta na nan cike da gwangwani a gabansa. Shayin da aka kawo masa bai huce ba ya gama. Ni ma da ba ni na yi ba, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shi ya rungumo rakodar har ɗakin Iya, muna biye. Ya durƙusa ya danna. Muryar wani dattijo ta cika ɗakin, yana gaisuwa, yana tambayar yara, yana tsokanar Iya a kan son barci. 'Yarta ta juya ta fuskanci bango. Iya ta ga kaset yana juyawa, ta matso, ta kara kunnenta a jikin lasifikar, ta daɗe a haka.

"Ɗan nan, ƙara sautin mana."

Yaya ya riga ya ƙure shi tun farko. Ya kai hannu ya yi kamar yana murɗawa. Iya ta ɗora tafinta a kan lasifikar inda take rawa, ta ce Allah ya yi masa albarka, ya sha wahala.

Daga can bai bi ta wurin mai shayi ba. Shago ya koma, ya jawo rediyon da ya fi kowanne ƙura, ya fara. Bai tara kowa ba, bai rantse ba. Masu kayan da suka ƙaura ya yi ta cigiyarsu gida gida, wasu ma magadansu ya samu. Da shekara ta juyo na tsokane shi, na ce ina jawabin bana, sai ya ce in miƙo masa sukudireba.

Har yau in mai kaya yana gwada rediyonsa ya ce a ƙara sauti, Yaya ba ya iya taɓawa. Sai ya tura masa rediyon ya ce ya ƙara da kansa.