Bu Ngatini da shinkafar yatsu uku

Da an sallame sallar asuba, Bu Ngatini, wato Inna Ngatini a yarenmu, za ta ɗaure buhu a bayan kekenta ta shiga lungunan unguwa. A ƙofar kowane gida akwai guntun gora a rataye, a ciki da shinkafar da yatsu uku suka ɗebo, kamar yadda muka gada. Ta juye, ta wuce gaba. Shekara ashirin da biyu ke nan. Da wannan shinkafa ake ciyar da masu ciwon daji a masaukin da ke bayan asibiti a nan birnin Yogyakarta, mutanen ƙauye da aka rubuta wa gashin na'ura na mako shida, ba su da kowa a birni. Masu hali suka gina gidan, suka sayi motar kai marasa lafiya. Tukunyar kuwa ta talakawa ce.

Mu 'yan acaɓar ƙofar masaukin mun sha ganin aikinta, amma wanda ta yi wa Mbak Suprihatin, wato Yaya Suprihatin, ya fi tsaya mana a rai. Matar masunci ce daga Pacitan, mai sankarar mama. Gashi talatin aka rubuta mata, likita ya ce in ta katse, ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Bayan gashi na tara sai ga ta da jaka, tana neman mai kai ta tasha.

Bu Ngatini ta tare ƙofa. "Ina zuwa, Mbak? Ko maigidan ne ya kasa soya kifi?"

"Bu, ki ƙyale ni. Tun da aka haife ni ban taɓa cin abin da ban yi wa gumi ba. Loma tsaya min take a wuya."

"To, sarauniyar Pacitan. Gobe ki raka ni. In kin ga wanda kika ƙwara, ni da kaina zan kai ki tasha."

Washegari suka fita a ƙafa, a hankali. A gidan farko Bu Ngatini ta juye gorar a tafin hannun Suprihatin.

"Ga nauyin da kika ɗora wa gidan nan. Ko kaza ta ci sai ta nemi ƙari."

Sai mai gidan, Mbah Karso, wato Kaka Karso, ya leƙo da sandarsa. "Ngatini, yau kin makara! Wace ce wannan?"

"Baƙuwarmu ce, Mbah. Kunyar shinkafarka take ji."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Yarinya, matata wata biyu ta yi tana cin ta mutane a gidan can. Ta warke, ta ƙara shekara bakwai tana min faɗa. In kin tafi, wa zan ba? Ɓeraye?"

Suprihatin ta daɗe tana kallon tafinta. Da suka koma, faifai ta nema, ta ce daga ranar tsintar shinkafa aikinta ne. Ta cika talatin ɗinta cif.

Bu Ngatini, ke ce ƙafar masu ba da kaɗan. Ba ki taɓa riƙe allura ba, amma likitoci sun san adadin waɗanda suka kai ƙarshen magani saboda ke. Ke kika gane cewa bayan ciwo, kunya ma tana korar mutum daga asibiti.

Yanzu gwiwoyin Bu Ngatini sun ce a huta. Ranar walimar sallamarta, sai ga Suprihatin ta sauko daga mota da buhu a ka, kumatu sun ciko. Ashe ita ma gora ta bi ta rataya a gidajen ƙauyensu.

"Bu, ga ta Pacitan. Kada ki ji kunya."

Mun gode, Bu. Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma jama'a, gora ba ta da tsada, kowa yana da yatsu uku. Keken yana nan a jingine, buhun a ɗaure.