Layin da Likita Ta Ja a Ƙafata

Salamu alaikum. Na san an daɗe ba a ji ni ba. Har labari ya iso min cewa wasu a Unguwar Yara, nan Keffi, sun ce Malam Dogo mai lambu ya rasu, wani ma ya fara tambayar wa zai gaji itatuwan. To ina nan da raina. 'Yata Rabi ce ke rubutawa, ni ban yi boko ba, kuma na ce mata kada ta gyara min ko kalma ɗaya.

Lambuna yana hanyar Panda. Na dasa shi ne zamanin da kuɗin mai ya shigo, kowa ya yar da fartanya ya tafi neman kwangila. Lokacin ne lemon kwalba ya cika Keffi, ba suna ba biki sai da shi. Yayana ya sha har ciwon suga ya kwantar da shi, ƙafa ta ruɓe, muka binne shi. Ranar na rantse ni da kwalba har abada. Abin da na shuka da hannuna shi nake sha. Lemo biyu in matse a kofi, shi ke nan.

Sai babban ɗana da ke Abuja ya aiko min da injin markaɗe. Injin ya zo, shi bai zo ba.

Da hannu mutum yakan gaji da matsa. Inji ba ya gajiya. Na koma zuba mangwaro, lemo, abarba, karas, in ƙara dabino da zuma, in tace, in ba awaki tuƙar. Jug guda da safe, wani da la'asar.

Ƙishirwa ta fara. Irin wadda harshe ke manne wa dasashi. In ta taso sai in ƙara markaɗawa. Fitsari ba iyaka, wando ya fara zame min.

Mai ɗakina, Hajiya Ladi, ta ce, "Malam, tururuwa na bin inda ka tsuguna."

Na ce, "Tururuwar Keffi yau ta fara yawo?"

Ita ce dai ta ga jini a cikin takalmina. Ashe ƙaya ta shige min ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama tun a lambu, na yi ta yawo a kanta ban ji komai ba. Na sa toka na ɗaure da tsumma. Bayan 'yan kwanaki ƙudaje suka fara bina har masallaci. Na lura wanda ke gefena a sahu yana matsawa.

Warin na san shi. Shi ne na ɗakin yayana.

A asibiti suka huda min yatsan hannu, suka ɗiga jinin a wani ɗan ƙarfe. Nas ta duba, ta sake dubawa, ta fita kiran likita. Aka ba ni gado, aka sa ƙarin ruwa, allura safe da yamma a ciki. Kuɗin magani da na wankin ciwo sai da muka sayar da ragon layya.

Likitar yarinya ce 'yar ƙabilar Eggon, Hausarta a ɗan karkace. Ta ɗauki biro ta ja layi a bayan ƙafata, daidai inda kumburin ya tsaya.

Ta ce, "Baba, ciwon suga ne, yatsan ya tafi. In kumburin ya tsallake layin nan, ƙafar ma za ta bi shi."

Na ce, "Ni da ban sha kwalba ba tun kafin a haife ki?"

Ta ce Hajiya ta kawo mata duk abin da ke shiga jug ɗaya, kada ta rage. Washegari Hajiya ta shigo da tire, ta ajiye a kan gadona. Sai da ya cika ya yi tozo.

"Baba, za ka iya cinye wannan a zama ɗaya?"

"Ni jaki ne?"

"Amma kana shanye shi a tsaye." Ta ce su suna auna ƙarfin abinci da abin da suke kira kalori. Na ce ni mudu na sani. Ta ce to a mudunka, tiren nan ya kai malmalar tuwo biyu, kuma zaƙi ne zalla, tunda tuƙar da ke rage masa gudu awaki ka ba.

Har yanzu ina cewa da ta faɗa min a keɓe, ba gaban mutane ba.

Gadon da ke kusa da nawa wani Bafulatani ne, Ardo muke kiransa. Shi ma an ja masa layi. Kowace safiya nakan duba nawa, in leƙa nasa. Wata safiya kumburinsa ya tsallake layin. Da suka dawo da shi daga ɗakin tiyata, bargo ya kwanta shafal daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Dogo, wa zai bi shanu?"

Nawa kumburin ya zo har ya taɓa zanen biron. Kwana da kwanaki yana nan a bakin layin, likita na zuwa tana dannawa da yatsa. Sannan ya fara ja da baya.

Sun cire yatsan, sun bar min ƙafar.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hajiya da ta kwana a tabarmar asibiti, da Rabi, da yarinyar nan likita duk da bakinta. Waɗanda ba su leƙo ba, sun san kansu.

Ku masu markaɗe, kafin ku kunna inji ku jera kayan a tire ku duba. Abin da ba za ku iya taunawa ba, kada ku sha. Ƙishirwar da ruwa bai kashe ta ba, a je a gwada jini.

Kuma ku riƙa duba tafin ƙafarku. Ni kullum bayan asuba Hajiya ke riƙe min madubi, domin ta hagun ma yanzu in an tsikare ta ba na ji.