Ranar da Mahfuzu Ya Yanke wa Gwaggo Layi

Yanzu kowa da rezonsa, wato intanet, a aljihu. Amma a shekarun baya, duk mai son jin muryar ɗansa da ya tafi biɗa, rumfar Mahfuzu yake nufa a kasuwar Tamaske. Wifi ɗaya ne, siriri, mutum ashirin a kansa. Mahfuzu na zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta, shi kuwa akwatin tsaron rezo, wanda 'yan boko ke kira pare-feu, yana jera masa kowace waya da ke ciki, inda ta nufa, da yawan abin da take sha.

Ɗan makiyaya ne, a bakin rijiya ya tashi, don haka bai yarda wani ya kafa baki ya ƙi ɗagawa ba. Da ya ga layi ya yi ƙiba, sai ya danna ya yanke. Can sai ka ji tsaki, kokowar da Yasin tela ke kallo ta tsaya ana dab da kaye.

"Ka sha ya isa, Yasin," in ji shi, ko waiwaye babu.

Wata safiyar Laraba rezo ya yi nauyi. Mahfuzu ya duba, ya ga baƙon layi ya fi kowa zuƙa. Ya yanke.

Sai salati daga kan tabarma. Gwaggo Habsa ce, ƙanwar babansa, riƙe da wayar aro. Ranar ake sunan jikanta na fari a Abijan, ɗanta Yunusa ya fara juyo fuskar jaririn ke nan hoton ya daskare. Shi ma Yunusa wayar maƙwabci ce a hannunsa, mai ita kuwa na shirin fita aiki.

"Mahfuzu, mi ka taɓa?"

"Rezo na, Gwaggo."

"Rezo da yatsa? Ina kallon hannunka, ja'iri!"

Gumi ya karyo masa. Ya bi jerin nan daga sama yana yankewa: tela, malamin lakwal, wato makarantar boko, direban motar Keita, har tasa wayar. Rumfa ta ɗauki gunaguni. Ya ce kowa ya yi haƙuri, yau suna ake. Layi ɗaya ya bari.

Aka sake kira, aka ɗauka. Fuskar ta fito tar. Gwaggo ta kawo wayar dab da hancinta, tana share ido da bakin gyale.

"Wanga ne angon nawa? Ko haƙori babu! Matso mini da shi dai, Yunusa."