Na Faskara Turmin da Jikana Ya Zo Ɗauka a Bidiyo

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubuta mini. A lokacin da abin nan ya faru, zamanin mulkin soja ne, ina zaune a Kinkinau a gidan da maigidana ya rasu ya bar mini, ina sana'ar fura. Ni mace ce mai gudun abin faɗa. Ban yarda ko mai tallan gishiri ya leƙo ya ga tsakar gidana a hargitse ba, kuma da wannan hali aka san ni.

Ina da jika, ɗan babban ɗana, wanda nake kira miji marar cefane, shi kuma ya ce da ni amarya mai haƙori uku. Yana karatun aikin rediyo da talabijin a wata babbar makaranta a nan Kaduna. Ubansa bai taɓa son karatun ba, cewa yake roƙo ne aka sa wa wando da kwat. Ya kafa masa sharaɗi, ranar da ya faɗi darasi ko guda ɗaya, ya ajiye littafi ya zo shagon yadi. To, a wata shekara sai malaminsu ya ce kowa ya shirya waƙa a bidiyo. Yara suka bazama neman mawaƙan zamani. Shi kuwa nawa ya zo ya tsuguna a gabana, ya ce waƙar dakan da muke yi da maƙwabtana yake so, da luguden, da yadda muke cilla taɓarya mu tafa mu cafe.

Ya yi makonni yana zarya. Ya zo da rikoda ya ɗauki muryata, ya ɗauki amon turmina, wani tsohon turmi ne tun na aurena, ya tsage an ɗaure shi da waya. Ya tambaye ni wa ya koya mini waƙar, da abin da kowane baiti yake nufi, har na ce ko alƙali bai titsiye ni haka ba. Wata rana ya zo da abokiyar karatunsa, wata yarinya Kirista daga Unguwar Rimi mai ladabi, suka tsaya suna kallon inda rana take faɗowa a jikin katangata ta jar ƙasa, suna zana 'yan hotuna a takarda, suna ta Turanci. Ya gaya mini kyamarar makaranta guda ɗaya ce, layi ake bi, yini ɗaya za a ba shi, ba ƙari. Da zai tafi ya ce, amarya, don Allah kada ki taɓa komai, a bar gidan yadda yake. Na ce to. A raina kuwa na ce yaro dai yaro ne, kunya yake ji kada ya ɗora mini wahala.

Da na ji malamansu za su zauna su kalla, ƙila ma har a nuna a talabijin, sai barci ya ƙaurace mini. Ni ce za a nuna wa mutanen Kaduna da fasasshen turmi da katanga duk zanen ruwan sama? Ana jibi za su zo na kira mai farar ƙasa ya shafe katangar tas. Na aika aka sayo sabon turmi daga kasuwa. Tsohon kuwa na sa aka faskara shi, da shi na dafa shinkafar da zan tari baƙin. Na bi maƙwabtana na ce kowacce ta ciro leshinta na biki, ta kafa gwaggwaro, kada wadda ta zubar mana da mutunci. Labari ya zaga unguwa, ranar zuwansu kafin hantsi gidan ya cika da mata da yara kamar ana suna.

Har yau ina ganin fuskarsa da ya shigo da jakar kyamara. Ya tsaya a bakin zaure bai ko yi sallama ba. Ya tambayi turmi, na nuna masa murhu ina dariya, na ce ango ya ci shinkafa ya gode. Bai yi dariya ba. Yarinyar ta leƙa kyamara ta kira shi, ta ce farin katangar ya haske komai, fuskokinmu sun koma baƙi ƙirin, ba a gane kowa. Suka juya mu nan, suka juya mu can, duk inda aka juya fari ne. Aka ce mu fara. Sabon turmi yana ƙara kwas-kwas kamar ana buga katako, bai hau kan kiɗan da ya riga ya haɗa da amon tsohon ba. Hannun leshi ya hana cilla taɓarya, ta wata ma ta kuɓuce ta fasa mini tulu. Gwaggwaro yana zamewa, kowacce ta saki daka tana gyara ɗauri tana murmushi wa kyamara. Yara suna ta gilmawa suna gwalo. Ya roƙe mu mu cire kayan mu ɗaura zannuwanmu na aiki, matan suka ce ba da su ba, a gaban duniya? Ni ma, Allah Ya yafe mini, na goya musu baya, har na yi masa faɗa a gaban abokiyarsa na ce so yake ya tozarta mu. La'asar ta yi, suka naɗe wayoyinsu. Ko loma bai ci ba.

Ya je ya roƙi a ƙara masa yini, aka ce layi ya wuce. Ya kai abin da ya samu, malamin ya ce wannan bikin unguwa ne, ba abin da ya tsara a takarda ba. Ya faɗi. Na taka har shagon ubansa na ce laifina ne, ya ce Inna, magana na riga na yi. Ni da na haife shi, ranar ban iya juya shi ba.

Abin da yake ci mini rai har gobe, da yaron nan ya zaunar da ni ya gaya mini da Hausa dalilin jar katanga da tsohon turmi, da ban taɓa su ba. Da ni ma na buɗe baki na tambaya, da ya faɗa. Shi ya ɗauka na gane, ni na ɗauka na fi shi sanin abin da ya dace. Yana nan a kasuwa yana auna yadi, da iyalinsa, bai taɓa tayar mini da zancen ba, kuma bai sake ce mini amarya ba, sai Hajiya.

Ina kira ga iyaye da kakanni 'yan'uwana. In yaro ya kawo aikin makarantarsa gidanki ya ce kada ki taɓa, to ki cire hannunki, in abin ya dame ki ki tambaye shi dalili. Ku kuma 'yan boko, ku riƙa yi mana bayani da harshen da muke ji. Ni kunyar yini ɗaya na guje wa, na tashe shi daga karatu gaba ɗaya. Allah Ya sa wata ta ji ta kiyaye.