Galan Mai Kan Mutum

A bakin Baba na fara jin labarin alamar nan, ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Tsohon soja ne, kamar rabin dattawan unguwarmu a Zuru. Ya ce a fagen daga, duk allon da ka gani da ita, akwai nakiya a binne, ka ja da baya kawai. Daga baya a makaranta aka ce mana a kan kaburburan Turawa ta fara, 'yan fashin teku suka ɗauke ta suka sa a tuta, sannan ta koma jikin kwalaben guba don wanda bai iya karatu ba ya gane.

Ya gane! Wai don Allah wa suka tambaya?

Mu nan da hoto muke sayen kaya. Ba mai kiran sunan kamfani, sai dai a ce ba ni mai zakara, ba ni mai tauraro. To da maganin ciyawa ya shigo, galan ɗinsa na da kauri, murfinsa ba ya yoyo ko ka ɗaure shi a bayan babur har Ribah. Nan da nan mata suka raɗa masa suna mai kan mutum. Ranar kasuwa da kunnena na ji wata tana cewa ita in ba mai kan mutum ba ba ta so, sauran duk jabu ne. Abin da aka zana don a gudu, shi ya zama shaidar nagarta.

Yayata da ke aure a Manga tana da guda biyu. Ɗaya na feshi, ɗaya ta wanke da toka da ruwan zafi tana kai kunu gona a ciki. Duk zuwana sai mun yi.

"Yaya, ki jefar da abin nan. Mutuwa ce fa aka zana a jiki."

"Kai dai akwai tsoro, auta. Ga shi nan a rigunan samari, ga shi a jikin babura, wa ya kashe?"

Haushi ya kama ni. Alamar ta cika gari har ta zama ado.

Ranar da mijinta ya kira gayya, aiki ya yi mata yawa. Galan biyun suna jingine wuri ɗaya a gindin rumbu, kamarsu ɗaya, hotonsu ɗaya. Ta ɗauki na feshin, da sauran magani a ƙasansa, ta juye kunu. Mijin ne ya fara sha, ya ɗaga ya yi ta kwankwaɗa saboda ƙishi. Sai da ya sauke ya ce kunun yau da ɗaci, kada kowa ya taɓa. Maganarsa ke nan da ta tsirar da sauran 'yan gayya.

A babur aka kawo shi asibiti cikin gari, an sa shi a tsakiya ana riƙe da shi. Ina bakin ƙofa suka iso. Wallahi a jikin tankin babur ɗin akwai ƙoƙon kan nan, an liƙa shi yana ta yashe haƙora. Mijin Yaya bai kai la'asar ba.

Har yau ina jin zafin abin, kuma ban san wanda zan kama ba. Ba ita ba dai, ta sha abin da ya ishe ta.

A wurin zaman makoki ƙishi ya kama ni, na ce a ba ni ruwa. Yaya da kanta ta taso, idanunta a kumbure, ta tsiyaya mini daga wani galan mai kauri. Na gane shi, wankakken ne. Ta bi hoton da wuƙa ta kankare shi tas.

"Sha, auta," ta ce. "Na cire abin."